Houston Rockets a Kakar 1994 zuwa 1995: Yadda Ta Shida Ta Riƙe Kambu

A tarihin gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru ta Amurka, wadda duniya ta sani da NBA, ba a taɓa samun ƙungiyar da ta ɗauki kambu daga matsayi na ƙasa irin wanda Houston Rockets ta taso daga gare shi a shekarar 1995 ba. Ƙungiyar ta kammala wasanninta 82 na kaka da nasara 47 da rashin nasara 35, abin da ya ajiye ta a matsayi na shida a shiyyar Yamma, amma cikin makonni bakwai da suka biyo baya ta fitar da Utah da Phoenix da San Antonio, sannan ta doke Orlando sau huɗu a jere a zagayen ƙarshe. Masu nazarin wasan sun daɗe suna bayyana wannan al'amari da ƙarfin zuciya da gogewa, kuma bayanin yana da gaskiyarsa, sai dai bai isa ba, domin abin da ya faru a wannan kaka ya fi alaƙa da sauyin dokokin wasa, da wani cinikin 'yan wasa da aka yi a tsakiyar Fabrairu, da kuma bambancin da ke tsakanin abin da doguwar kaka take aunawa da abin da jerin wasanni da abokin hamayya guda yake aunawa.

Fahimtar nauyin abin da Houston ta yi tana buƙatar sanin tsarin gasar a wancan lokaci. Ƙungiyoyi 27 ne ke cikinta, an raba su shiyya biyu, Gabas da Yamma, kuma takwas na sama a kowace shiyya ne ke shiga wasannin fitar da gwani, inda ta ɗaya ke karawa da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, ta uku da ta shida, ta huɗu da ta biyar. A zagayen farko ƙungiyar da ta riga cin wasa uku cikin biyar ce ke wucewa, a sauran zagayen kuma sai wadda ta riga cin huɗu cikin bakwai. Ladan ƙoƙarin kaka shi ne damar gida, wato ƙungiyar da ta fi kyakkyawan sakamako ita ke karɓar baƙuncin wasannin farko da kuma wasan raba gardama idan an kai gare shi. Ƙungiyar da ta zo ta shida, kamar Houston, kusan ba ta da wannan dama a kowane zagaye, don haka dole ta riƙa cin wasa a gaban 'yan kallon da suka zo don ganin faɗuwarta.

An kafa ƙungiyar a birnin San Diego na jihar California a 1967, ta koma Houston ta jihar Texas a 1971, kuma sau biyu ta kai zagayen ƙarshe kafin shekarun 1990, a 1981 da 1986, inda Boston Celtics ta doke ta duka biyun da ci huɗu da biyu. Zuwan na biyun ya faru ne shekara biyu bayan ta ɗauki Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a watan Janairun 1963, ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa kuma ya buga ƙwallon hannu kafin ya fara ƙwallon kwando yana matashi, sannan ya tafi Jami'ar Houston ya yi wasa ƙarƙashin koci Guy Lewis. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, wato tsarin da ƙungiyoyi ke bi ɗaya bayan ɗaya su ɗauki matasan da suka fito daga jami'o'i, shi aka fara ɗauka, Michael Jordan kuwa na uku, kuma abin lura ne cewa duk da abin da Jordan ya zama daga baya, ba kasafai ake jin wani masani ya zargi Houston da kuskure a wannan zaɓi ba. Shekarun da suka biyo bayan 1986 na takaici ne, har saɓani ya shiga tsakanin ɗan wasan da hukumar ƙungiyar a 1992, shekarar da aka naɗa Rudy Tomjanovich koci, wanda tsohon ɗan wasan ƙungiyar ne da ya shafe dukan shekarunsa na wasa a cikinta. A hannunsa ne Houston ta ci wasa 58 a kakar 1993 zuwa 1994, ta doke New York Knicks a wasa na bakwai, ta kawo wa birnin kambunsa na farko a gasar, Olajuwon kuma ya haɗa kyautar gwarzon kaka da ta gwarzon mai tsaro da ta gwarzon zagayen ƙarshe a shekara guda.

Wancan zagayen ƙarshe na 1994 bai yi wa mahukuntan gasar daɗi ba, domin a wasanni bakwai babu ƙungiyar da ta kai maki 100 ko sau ɗaya, kuma wasan ya fi kama da kokawa a ƙarƙashin kwando. Saboda haka kafin sabuwar kaka aka tsaurara doka a kan ɗora hannu a jikin mai riƙe da ƙwallo, aka kuma matso da layin maki uku kusa. Wannan layi shi ne baka da aka zana a nesa da kwando, wanda duk ƙwallon da aka jefa daga bayansa ta shiga ake lissafa ta maki uku maimakon biyu, kuma an rage nisansa daga kusan mita 7.24 a tsakiya zuwa kusan mita 6.7 a ko'ina. Babu ƙungiyar da wannan sauyi ya dace da tsarinta kamar Houston, domin dabarar Tomjanovich tun asali mai sauƙin bayani ce: a miƙa wa Olajuwon ƙwallo kusa da kwando, a jera masu jifa daga nesa a bayan layi, idan an bar shi da mai tsaro ɗaya ya ci, idan kuma an turo na biyu ya mayar da ƙwallon waje ga wanda aka bari ba kowa. Dokar tsaro ta wancan zamani ta ƙara wa dabarar ƙarfi, saboda ta hana mai tsaro ya tsaya a tsakani yana gadin fili kawai, don haka duk wanda zai taimaka a kan Olajuwon sai ya saki mutuminsa gaba ɗaya, wanda hakan ke nufin Kenny Smith ko Robert Horry ko Mario Elie ko Sam Cassell zai sami sararin jifa.

Kakar ta fara da kyau, Houston ta ci wasanninta tara na farko, amma daga nan tafiyar ta yi sanyi, ƙungiyar ta riƙa ci tana faɗuwa, kuma ya bayyana cewa duk daren da masu jifan nesa suka kasa, babu wani ɗan wasa na biyu da zai iya samar da maki da kansa. A farkon Fabrairu Vernon Maxwell, wanda ke da hannu babba a kambun 1994 amma ya yi suna da zafin kai, ya haura cikin 'yan kallo a Portland ya bugi wani mutum, aka dakatar da shi wasa goma tare da tarar kuɗi. Ranar 14 ga Fabrairun 1995 hukumar ƙungiyar ta yanke shawarar da ta sauya kakar: ta ba Portland Trail Blazers Otis Thorpe, ta karɓi Clyde Drexler da Tracy Murray. Thorpe shi ne ƙaƙƙarfan da ke tsayawa kusa da Olajuwon yana cafke ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo, yana kuma ɗauke masa nauyin gogayya da manyan abokan hamayya, Drexler kuwa yana da shekara 32, ya kai Portland zagayen ƙarshe a 1990 da 1992 bai yi nasara ba, kuma a Houston ya tashi, a jami'arta ya yi wasa tare da Olajuwon har suka kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1983. Mutanen birnin sun yi murna da dawowar ɗansu, amma wasu daga cikin 'yan wasan ƙungiyar ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, tunda manyan abokan hamayya a Yamma suna da Karl Malone da Charles Barkley da Dennis Rodman a daidai gurbin da Thorpe ya bari.

Watan cinikin ya zo daidai da azumin Ramadan, wanda ya kama a farkon Fabrairu a wannan shekara, kuma Olajuwon, wanda ya ƙara riƙo da addininsa tun farkon shekarun 1990, bai ajiye azumi saboda wasa ba. Yawancin wasannin gasar da dare ake yin su, bayan an sha ruwa, amma akwai na rana a ƙarshen mako, ga atisaye da tafiye-tafiye tsakanin birane masu bambancin lokaci, kuma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar na watan Fabrairu. Wannan batu ya shahara a tsakanin Musulmi masu bin wasan, a Najeriya da wajenta. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa a ƙarshen Maris an gano yana fama da ƙarancin jini, ya rasa wasanni takwas a jere, sannan Carl Herrera, wanda ake sa ran zai cike gurbin Thorpe, ya ji rauni a kafaɗa. Daga ranar ciniki zuwa ƙarshen kaka Houston ta ci wasa 17 ta faɗi 18, kuma duk wanda ya yanke hukunci a tsakiyar Afrilu cewa cinikin asara ne ba za a ce ya yi rashin adalci ba. Olajuwon ya kammala da matsakaicin maki 27.8 a kowane wasa, amma ƙungiyarsa ta shiga wasannin fitar da gwani tana dogaro da Pete Chilcutt da Chucky Brown, wanda aka ɗauko daga ƙaramar gasa a tsakiyar kaka, da dattijo Charles Jones, a gurbin da abokan hamayyarta ke da taurari.

Abokiyar karawar farko ita ce Utah Jazz, wadda ta ci wasa 60 ƙarƙashin koci Jerry Sloan, da John Stockton mai rarraba ƙwallo da Karl Malone mai ƙarasawa. Utah ta ci wasan farko da tazarar maki biyu, kuma bayan wannan wasa Maxwell, wanda zuwan Drexler ya rage masa lokaci a fili, ya bar ƙungiyar bai sake buga mata ba. Houston ta rama a wasa na biyu da maki 140 da 126 bayan ruwan jifan nesa, ta faɗi na uku a gidanta, sai ta tsinci kanta a halin da faɗuwa ɗaya ke nufin ƙarshen kaka. A wasa na huɗu ne dalilin cinikin Fabrairu ya fito fili, domin Drexler ya ci maki 41, Olajuwon ya ci 40, abin da Thorpe, duk da amfaninsa, ba zai taɓa iya bayarwa ba. A wasa na biyar a birnin Salt Lake, Houston tana baya a zangon ƙarshe ta farfaɗo ta ci 95 da 91.

Zagaye na biyu ya fi tsanani. Phoenix Suns, mai nasara 59, da Barkley da Kevin Johnson, tana da tsohon haushi, domin a 1994 ta ci wasanni biyun farko a Houston amma aka fitar da ita a wasa na bakwai. A wannan karo ta ci biyun farko a gidanta cikin sauƙi, ta faɗi na uku, ta ci na huɗu a Houston, ta zama tana da uku da ɗaya, matsayin da ƙungiyoyi huɗu kacal suka taɓa tsallakewa daga cikinsa a tarihin gasar kafin wannan shekara. Wasa na biyar a Phoenix shi ne inda kakar ta fi kusa da mutuwa, saboda Drexler yana fama da mura mai tsanani bai iya taɓuka komai ba, amma Phoenix ta ɓarar da jifan tara a mintunan ƙarshe, wato jifan da ake ba ɗan wasa ba tare da mai tsaro ba idan an yi masa keta, aka tafi ƙarin lokaci, Houston ta ci 103 da 97. Ta ci na shida a gida, aka koma Phoenix ranar 20 ga Mayu. Kevin Johnson ya ci maki 46 a wannan rana, amma ya ɓarar da jifan tara guda ana 110 da 110, kuma da Phoenix ta taru a kan mai ƙwallo a tsakiyar fili, Horry ya hango Elie a kusurwar hagu shi kaɗai, ya miƙa masa, shi kuma ya jefa ta maki uku saura daƙiƙa 7.1, sannan ya juya ya aika wa bencin Phoenix sumba da hannu. An tashi 115 da 114. Elie mutum ne da aka ɗauka a zagaye na bakwai na zaɓen 1985, ya yi yawon wasa a Ireland da Ajantina da Fotugal da ƙananan gasannin Amurka kafin ya sami wurin zama a NBA, kuma irinsa ne tsarin Tomjanovich ya fi amfana da su, mutanen da aikinsu bai wuce tsaro da jifa ba amma ba sa rawar hannu.

A nan ya kamata a tsaya a kan abin da rashin Thorpe ya tilasta. Da babu ƙaƙƙarfa na biyu da za a dogara da shi, Tomjanovich ya riƙa matsar da Horry, dogo siriri mai jifan nesa, zuwa wannan gurbi, har daga baya ya sa Elie cikin biyar na farko, ya zama Olajuwon kaɗai ne a kusa da kwando, mutum huɗu kuma a waje, dukansu masu iya jifa ko kutsawa. Abin da aka rasa wajen cafke ƙwallo an same shi ta wata hanya, domin babban mai tsaron abokan hamayya, wanda da zai tsaya kusa da kwando ya taimaka, dole ya bi Horry waje, fili ya buɗe wa Olajuwon da Drexler. A doguwar kaka, inda ake karawa da ƙungiya daban kowane dare kuma gajiya da rauni da zurfin benci ke yanke hukunci, irin wannan siririyar ƙungiya tana shan wahala. A jerin wasa bakwai da abokin hamayya guda, inda ake samun hutu tsakanin wasanni kuma koci ke iya dogara da mutum bakwai ko takwas, tambayar takan koma guda ɗaya, wato ko akwai wanda zai iya tsare gwanin ɗaya ƙungiyar shi kaɗai, kuma a bazarar 1995 babu wanda ya iya.

San Antonio Spurs ce ta fi kowa cancantar gwada hakan. Ita ce ta fi kowace ƙungiya nasara a kakar, da wasa 62, kuma ɗan tsakiyarta David Robinson, wanda ya haɗa tsawo da gudu da iya tsaro, shi aka zaɓa gwarzon kaka, aka miƙa masa kyautar a gaban jama'arsa dab da fara wasa na biyu, Olajuwon yana kallo. Houston ta riga ta ci wasan farko 94 da 93 da jifan Horry a daƙiƙun ƙarshe, a na biyun kuma Olajuwon ya ci maki 41. Abin da ya yi wa Robinson a waɗannan wasanni shida shi ne aka fi tunawa da shi a duk rayuwarsa ta wasa: yakan karɓi ƙwallo ya ba kwando baya, ya karkata kafaɗa gefe guda, ya juya ɗaya gefen, ya ɗaga ƙwallon kamar zai jefa har mai tsaro ya yi tsalle, sannan ya zame ta ƙarƙashinsa, duk a kan ƙafar da doka ta hana shi ɗagawa. Shi da kansa ya sha danganta wannan iya taka ƙafa da ƙwallon ƙafar da ya buga a Legas. Ya kammala jerin da matsakaicin maki 35.3, Robinson kuma 23.8. Wani abin mamaki shi ne baƙi ne suka ci wasanni biyar na farko, domin San Antonio ta zo Houston ta rama biyu, Houston ta koma ta ci na biyar 111 da 90, kafin ta rufe da 100 da 95 a gida ranar 1 ga Yuni, inda Olajuwon ya ci maki 39. Adalci ya buƙaci a ce Robinson ba shi kaɗai ya faɗi ba, tunda koci Bob Hill ya bar shi da abokin karawarsa ba tare da isasshen taimako ba, ga kuma rigimar Rodman, ɗan wasan ƙungiyar, da kocin, wadda ta kai ga miƙa shi ga Chicago kafin kaka ta gaba.

Daga Gabas Orlando Magic ce ta fito, ƙungiyar da ta shiga gasar a 1989 kawai, mai nasara 57, da Shaquille O'Neal mai shekara 23 da Anfernee Hardaway da Horace Grant, kuma a kan hanyarta ta fitar da Chicago Bulls da Jordan a cikinta. Mafi yawan masu hasashe ita suka ba kambun. A wasan farko ranar 7 ga Yuni ta yi gaba da tazarar maki 20 kafin hutun rabin lokaci, Houston ta cinye tazarar da jifan nesa, amma duk da haka Orlando na gaba da maki uku a daƙiƙun ƙarshe lokacin da Nick Anderson ya sami jifan tara biyu ya ɓarar, ya cafke ƙwallon da kansa, aka sake yi masa keta, ya sake ɓarar da biyu, alhali ɗaya kacal cikin huɗun ya isa ya rufe wasan. Kenny Smith ya farke da jifansa na bakwai na maki uku saura daƙiƙa 1.6, a ƙarin lokaci kuma Drexler ya kutsa ya jefa ta ƙi shiga, Olajuwon ya taɓa ta da yatsu ta faɗa kwando saura kashi uku cikin goma na daƙiƙa, aka tashi 120 da 118. Matasan Orlando ba su warke daga wannan dare ba. A wasa na biyu Cassell ya taso daga benci ya ci maki 31, Horry ya ƙwace ƙwallo sau bakwai, a na uku Horry ya sake jefa ta maki uku da ta kashe wasan, ranar 14 ga Yuni kuma aka rufe da 113 da 101 a zauren Summit na Houston. O'Neal bai ji kunya ba, domin ya ci matsakaicin maki 28, amma Olajuwon ya ci 32.8, ya fi shi maki a kowane wasa cikin huɗun, ya karɓi kyautar gwarzon zagayen ƙarshe karo na biyu a jere. A jawabinsa na wannan dare Tomjanovich ya gargaɗi masu shakka da kada su sake raina zuciyar zakara.

Idan aka haɗa lissafin, Houston ta ci wasa 15 ta faɗi 7 a wasannin fitar da gwani, tara daga cikin nasarorin a gidan abokan hamayya ta same su, bakwai daga ciki a jere, sau biyar kuma ta shiga wasan da faɗuwa ke nufin fita, ta tsira a dukansu. Ƙungiyoyi huɗun da ta fitar sun ci wasa 60 da 59 da 62 da 57 a kakar, wato babu wata ƙungiya a gasar da ta fi kowace daga cikinsu nasara in ba a junansu ba, kuma ita ce ta farko da ta doke ƙungiyoyi huɗu masu nasara 50 ko fiye a hanya guda.

Duk da haka akwai ƙorafin da ya bi kambunan Houston biyu har yau, cewa a tsakanin kambuna uku na farko na Chicago da uku na biyu suka faɗo, lokacin da Jordan ya ajiye wasan a Oktoban 1993 ya tafi buga wani wasan daban. Game da 1994 ƙorafin yana da wurin tsayawa, ko da yake babu mai iya tabbatar da abin da bai faru ba. Game da 1995 kuwa rauninsa a bayyane yake, saboda Jordan ya dawo a watan Maris, ya buga wasannin fitar da gwani, Orlando ta fitar da ƙungiyarsa da ci huɗu da biyu, Houston kuma ta share Orlando. Ana iya cewa bai gama dawowa cikin ƙarfinsa ba kuma Chicago ta rasa Grant ba ta sami Rodman ba tukuna, amma irin wannan uzuri kowace ƙungiyar da ta faɗi tana da nata. Sa'ar da ta fi cancantar a ambata wata ce daban: Seattle SuperSonics, wadda salon tsaronta na taruwa a kan Olajuwon da saurin komawa kan masu jifa ya fi damun Houston, an fitar da ita a zagayen farko a shekarun biyu, a hannun Denver a 1994 da Los Angeles Lakers a 1995. Da ƙungiyoyin suka haɗu a zagaye na biyu a 1996, Seattle ta ci huɗu ba ko ɗaya, mulkin Houston ya ƙare a nan.

Abin da ya biyo baya gajere ne. A watan Agustan 1996 hukumar ƙungiyar ta ba Phoenix Horry da Cassell da wasu biyu ta karɓi Barkley, ta sayar da ƙuruciya ta sayi suna, kuma mafi nisan da wannan haɗi ya kai shi ne zagayen ƙarshe na shiyyar Yamma a 1997, inda jifan Stockton a daƙiƙar ƙarshe ya rama wa Utah abin da aka yi mata. A wannan shekara ce kuma gasar ta mayar da layin maki uku inda yake a da. Drexler ya yi ritaya a 1998, Horry ya ci gaba ya tara kambuna bakwai da ƙungiyoyi uku, Olajuwon kuma ya koma Toronto a 2001 ya ajiye wasa bayan kaka guda, yana riƙe da tarihin kaɗe jifa sau 3,830, wanda ba a karya ba har yanzu. Tsarin da larura ta sa Tomjanovich ya koma gare shi, na gwani ɗaya a ciki da masu jifa huɗu a waje, ya zama ruwan dare a gasar shekaru ashirin bayan haka, ita kuwa Houston Rockets ba ta sake kaiwa zagayen ƙarshe na NBA ba tun ranar 14 ga Yunin 1995.